Idon da ke Auna Kumburin Ƙasa: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Rada da Dutsen Nyiragongo

Da yammacin Asabar, 22 ga Mayu, 2021, sararin samaniyar arewacin birnin Goma, a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ya yi jawur. Dutsen Nyiragongo ne ya tsage ta gefensa, narkakken dutse ya kwararo ya nufo gari. Ya cinye ƙauyuka, ya datse hanyar da ta tafi Rutshuru, ya katse wayoyin lantarki, sannan ya tsaya a bakin birni, ba nisa da filin jirgin sama. Aman bai wuce na kimanin sa'a shida ba, amma mutum fiye da talatin suka rasu, dubban gidaje kuma suka salwanta.

Da gari ya waye, waɗanda suka gudu suka fara komowa da zaton abin ya wuce. Ashe da sauran rina a kaba. Ƙasa ta shiga girgiza babu ƙaƙƙautawa, sau ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki. Tituna suka dare, bangaye suka tsattsage, a Goma da kuma Gisenyi, garin Ruwanda da ke manne da ita. Tafkin wutar da ya shekara da shekaru yana tafasa a cikin ramin ƙoƙon dutsen ya zurare ƙaf, alhali abin da ya fito fili bai kai ko kusa da abin da ya ɓace ba. To ina sauran ya nufa?

Ranar 27 ga Mayu, gwamnan soja na lardin Kivu ta Arewa, Janar Constant Ndima, ya ba da umarnin kwashe unguwanni goma daga cikin goma sha takwas na birnin. Kimanin mutum 400,000 suka fita, wasu a mota, wasu a ƙasa da katifu a kai, akasarinsu suka nufi garin Sake da ke yamma. Dalilin da ya bayar shi ne akwai narkakken dutse a ƙarƙashin birnin, har ya miƙe zuwa ƙarƙashin tafkin Kivu. Babu wanda ya haƙa rami ya leƙa. An san haka ne ta hanyar na'urorin da ke jin girgizar ƙasa, da kuma wani ido da ke shawagi kusan kilomita 700 a sama, wato radar tauraron ɗan'adam, wanda ke iya gane cewa ƙasa ta motsa da 'yan santimitoci. Yadda wannan ido yake aiki, da abin da yake iya gani, da wanda ya fi ƙarfinsa, su ne abin da ya kamata ku sani.

Tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoto irin na kyamara yana bukatar hasken rana da sarari garau. A yanki irin na Goma, inda gajimare ke lulluɓe duwatsu a yawancin kwanakin shekara, wannan ba ƙaramin cikas ba ne, balle lokacin da dutsen kansa ke tuttulo hayaƙi da toka. Rada kuwa ba ta jiran rana. Ita da kanta ke harba igiyar rediyo zuwa ƙasa, ta saurari abin da ya dawo mata. Igiyar tana ratsa gajimare da hayaƙi, dare da rana duk ɗaya ne a wurinta.

Duk mai sauraron rediyo ya saba jin tasha tana sanar da cewa ana kama ta a kan mita 19, ko 25, ko 31 a gajeren zango. Wannan lambar tsawon igiya guda ce, daga tudunta zuwa tudun mai bi mata. Radar tauraron Sentinel-1, na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, tsawon igiyarta santimita 5.6 ne kacal. A wannan gajartar asirin yake. An harba na farko, Sentinel-1A, a Afrilun 2014, na biyu kuma a Afrilun 2016. Kowane tauraron Sentinel-1 yana zagaya duniya ta kusa da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, yana share faɗin ƙasa kimanin kilomita 250 a kowane wucewa, ya kuma dawo daidai kan hanyar da ya bi bayan kwana goma sha biyu. Idan biyu suna aiki, tazarar takan ragu zuwa kwana shida.

Ga yadda awon yake. A ɗauka ɗan kasuwa ne ke auna bandir ɗin yadi da sandar awo. Ya yi ta aunawa har ƙarshe, sai wani ɗan guntu ya rage wanda bai cika sanda ba. Adadin sandunan ya shige masa, amma tsawon guntun ya rubuta shi daidai. Bayan kwana goma sha biyu ya sake auna bandir ɗin da sandar nan, sai ya ga guntun ya ragu da faɗin yatsa ɗaya. Har yanzu bai san tsawon bandir ɗin ba, amma ya tabbata an yanki wani abu, ya kuma san ko nawa ne. Haka rada take. Tsakanin tauraro da wani falalen dutse a ƙasa akwai miliyoyin tsawon igiya, ba ta iya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya ba, amma tana rubuta guntun da ya rage da matuƙar ƙwarewa. Idan ta dawo ta tarar guntun ya sauya, to nisan ya sauya: ko ƙasa ta matso kusa da tauraron, ko ta ja baya.

Sai a ɗauki hotuna biyu na wuri guda, na ranaku daban-daban, kwamfuta ta cire ɗaya daga ɗaya, tabo bayan tabo. A cire tasirin tuddai da kwaruruka ta amfani da taswirar tsayin ƙasa, a cire ɗan bambancin da ke tsakanin hanyoyin da tauraron ya bi. Abin da ya rage shi ne motsin ƙasa. Wannan dabara ita masana ke kira InSAR. Ana fitar da sakamakon a hoto mai zobban launuka, ja ya bi rawaya, rawaya ya bi kore, kore ya bi shuɗi, sannan a sake komawa ja. Tun da igiyar zuwa take yi ta dawo, duk motsin da ƙasa ta yi sau biyu yake shiga lissafi, don haka kowane cikakken zagayen launi yana nufin rabin tsawon igiya, wato santimita 2.8. Akwai dalilin da ya sa launukan ke maimaituwa. Da an yanki cikakkiyar sanda daga bandir ɗin nan, guntun ba zai sauya ba, ɗan kasuwa ba zai gane ba. Maganin wannan shi ne a fara ƙirga daga nesa, inda aka san ƙasa ba ta motsa ba, a riƙa shigowa ciki zobe bayan zobe. Zobba goma, santimita 28 ke nan. Inda suka cunkushe kusa da juna, nan ƙasa ta fi lanƙwashewa.

Dabarar ba ta tsufa ba. Duniya ta fara sanin ƙarfinta ne a 1993, lokacin da Didier Massonnet da abokan aikinsa na hukumar sararin samaniyar Faransa suka wallafa hoton girgizar ƙasar Landers, wadda ta auku a Kaliforniya a 1992, daga bayanan tauraron ERS-1 na Turai. A 1995 suka nuna cewa dutsen Etna na Italiya yana saɓewa sannu a hankali yayin da yake aman wuta. Kafin wannan lokaci, wanda ke son sanin ko dutse ya kumbura sai ya hau shi da kayan safiyo, ya auna wurare ƙalilan, ya koma bayan watanni ya sake aunawa. Yau hoto guda yana ba da awon miliyoyin wurare.

Me ke sa ƙasa ta kumbura? Narkakken dutse idan ya taso daga can ƙasa yakan taru a wata ma'ajiya mai zurfin 'yan kilomitoci. Wurin a cike yake da dutse, don haka sabon baƙo sai ya ture na kewaye da shi, turin ya kai har doron ƙasa. Idan ma'ajiyar ta zube, ƙasa ta lotsa. Tun a 1958 wani masani ɗan Japan, Kiyoo Mogi, ya tsara lissafin da ke haɗa siffar kumburi da zurfin abin da ya jawo shi, bayan ya yi nazarin yadda ƙasa ta lotsa a kewayen dutsen Sakurajima sakamakon aman 1914. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ma'ajiya mai zurfi tana ba da kumburi mai faɗi marar tsini, wadda ke kusa da sama tana ba da ƙanƙanen kumburi mai tsini. Har gobe da wannan lissafi ake fara gwaji.

Akwai siffa ta biyu, kuma ita ce ta shafi Goma. Wani lokaci narkakken dutse ba ya taruwa wuri guda. Yakan tsaga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya kutsa cikin tsagar a tsaye, siririya, faɗinta mita ɗaya ko biyu, amma tsawonta kilomitoci. Ƙasar da ke dama da hagu sai ta ɗago ta matsa gefe, wadda ke saman tsagar kuma ta lotsa ta zama kwari. A hoton rada wannan ba ya fitowa da'ira. Yakan fito ɓangare biyu masu fuskantar juna, siffar da masana kan kwatanta da fukafukan malam-buɗe-littafi. Mai ido a kan aikin da ya ga wannan ya san tsaga ce ke tafiya, ya kuma san inda ta dosa.

Wani abu da ba a cika bayyana wa mutane ba shi ne rada ba ta kallon ƙasa kai tsaye daga bisa. A karkace take kallo, ta gefe. Abin da take aunawa shi ne matsowa ko nisanta a kan layin kallonta kawai, ba ta bambance ɗagowa sama da gusawa gefe a hoto ɗaya. Shi ya sa ake haɗa hoton da aka ɗauka lokacin da tauraron ke haurawa arewa da wanda aka ɗauka yana gangarowa kudu, ɗaya yana kallo daga yamma, ɗaya daga gabas. Daga biyun ake ware motsin sama da ƙasa daga motsin gabas da yamma. Motsin arewa da kudu kuwa kusan ba ta ganinsa, domin a wannan layin tauraron kansa yake tafiya. A Goma an yi dace. Tsagar ta miƙe ne daga dutsen zuwa kudu, tana buɗewa gabas da yamma, wato daidai inda idon rada ya fi kaifi.

Hotunan kwanakin da suka biyo bayan aman sun nuna fukafukan nan biyu shimfiɗe a kan birnin, da kwari a tsakiya wanda ya ratsa Goma da Gisenyi ya shiga tafki. Na'urorin jin girgiza kuma sun nuna cibiyar girgizar tana gusawa kudu kullum. Shaida biyu suka haɗu a kan magana ɗaya. Daga baya, a 2022, Delphine Smittarello ta cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Luksamburg, tare da masanan cibiyar sa ido kan duwatsu masu aman wuta ta Goma da wasu na Beljiyam da sauran ƙasashe, suka wallafa cikakken bincike a mujallar Nature. Sun gano cewa tsagar ta kai tsawon kilomita 25, ta ɗauki narkakken dutse kimanin mita kubik miliyan 240, fiye da ninki goma na abin da ya fito fili. Samanta kuma, a ƙarƙashin birnin, bai kai rabin kilomita daga tafin ƙafar mutane ba.

Abin da ya fi tayar da hankalin hukuma shi ne tafkin. Kivu ba kamar sauran tafkuna ba ne. A can ƙasansa akwai iskar gas narke cikin ruwa, kimanin kilomita kubik 300 na iskar kabon da kimanin 60 na iskar misen, wadda Ruwanda ke zuƙowa tana samar da lantarki da ita. Nauyin ruwan sama ne ke danne su. Idan wani abu ya dama ruwan ƙasan da ƙarfi, iskar tana iya kuɓucewa gaba ɗaya. Mutanen Kamaru sun san ma'anar wannan. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos ya saki iskar kabon wadda ta gangara kwaruruka ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Nyos ɗan ƙarami ne idan aka gwada shi da Kivu, kuma a gaɓar Kivu miliyoyin mutane ne ke zaune.

Allah ya kiyaye, tsagar ta tsaya, ba ta ɓullo a cikin gari ba, ba ta ɓullo a tafki ba. A cikin watan Yuni aka ba mutane izinin komawa. Sun sha wuya a Sake, babu isasshen ruwan sha, babu makwanci, ga fargabar kwalara, kuma wasu sun yi ƙorafin cewa an tayar da su a banza. Ni dai ina ganin umarnin fitar daidai ne, abin da ya gaza shi ne tanadin inda za a sauke jama'a. Wanda aka nuna masa cewa wuta na kwance ƙasa da rabin kilomita a ƙarƙashin unguwanni, ba shi da hujjar barin mutane su kwana a kanta don kawai mai yiwuwa ne ta tsaya.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan rada tana da wannan kaifin ido, me ya sa ba ta yi gargaɗi kafin 22 ga Mayu ba?

A lokacin an yi ta ɗora laifi a kan halin da cibiyar Goma take ciki, domin tallafin Bankin Duniya da take dogaro da shi ya ƙare a 2020, ta kuma yi watanni tana fama da rashin kuɗin intanet da na zirga-zirga. Wannan gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Amma da masana suka koma suka tace bayanan da na'urori suka tara, na ƙasa da na sama, sai suka tarar babu wata alama bayyananniya da aka yi sakaci da ita. Girgizar da ta nuna dutsen ya fara tsagewa ta soma ne ƙasa da minti arba'in kafin wuta ta fito. Dalilin yana cikin halittar Nyiragongo. Dutse ne mai buɗaɗɗen baki. Narkakken dutse ba ya bukatar fasa sabuwar hanya daga ƙasa, tuni yana sama, cikin tafkin da ke ƙoƙon dutse mai tsayin kimanin mita 3,470. Tun bayan aman 2002 tafkin yake ta hauhawa, nauyinsa yana danna bangon dutsen, har ranar da bangon ya kasa. Haka ya yi a Janairun 1977, lokacin da ruwan wutar, wanda tsinkakke ne ƙwarai, ya gangaro da gudun da ya kai na mota. A Janairun 2002 kuma ya ratsa tsakiyar Goma har cikin tafki, ya rufe wani ɓangare na titin saukar jirage, ya bar mutum fiye da 100,000 babu muhalli. Tauraron da ke leƙowa sau ɗaya a kwana shida ba shi da abin cewa a kan al'amarin da ke ƙullewa ya warware cikin minti arba'in.

Duwatsu masu rufaffen baki sun fi ba da lokaci. A Aislan, a ƙarshen Oktoban 2023, rada da na'urorin GPS suka ga ƙasa tana ɗagowa a yankin Svartsengi. Ranar 10 ga Nuwamba wata tsaga mai tsawon kimanin kilomita 15 ta kutsa har ƙarƙashin garin Grindavík, aka kwashe mazaunansa, kusan mutum 4,000, a daren. Wuta ba ta fito ba sai 18 ga Disamba. A nan gargaɗi ya riga wuta da makonni.

Kada kuma a ɗauka duk kumburi aman wuta ne ke tafe. A Pozzuoli, kusa da birnin Naples na Italiya, ƙasa ta ɗago da kimanin mita 1.8 tsakanin 1982 da 1984, aka kwashe dubun-dubatar mutane, babu abin da ya fito. Ta ɗan sauka, sannan tun 2005 ta sake hawa, ta ɗago fiye da mita ɗaya, alhali aman ƙarshe a yankin ya auku ne tun 1538. A Boliviya, rada ta gano dutsen Uturuncu yana ɗagowa da santimita ɗaya zuwa biyu a shekara, dutsen da ya yi ɗaruruwan dubban shekaru bai yi aman wuta ba. Wani lokaci ma ba narkakken dutse ne ke turin ba, ruwan zafi ne da iskar gas. A 2014 Juliet Biggs ta Jami'ar Bristol a Ingila da abokan aikinta suka duba duwatsu 198 da rada ta yi shekara 18 tana kallo. Guda 54 sun motsa, kuma 25 daga cikinsu ne suka yi aman wuta, wato ƙasa da rabi. Daga waɗanda ba su motsa ba kuwa, kashi 94 cikin ɗari sun zauna lafiya. Wato shirun ƙasa ya fi kumburinta zama abin dogaro, ko da yake Nyiragongo ya nuna cewa shirun ma ba rantsuwa ba ne.

Rada tana da maƙiya biyu, kuma dukansu sun fi yawa a ƙasashe masu zafi da ruwan sama. Na farko tururin ruwa ne da ke cikin iska. Gajimare ba ya tare igiyar, amma danshi yana ɗan rage mata gudu, jinkirin kuma sai ya fito a hoto tamkar ƙasa ce ta ja baya. Abin da ya fi muni, danshi yakan bi tsayin ƙasa, ya yi yawa a gindin dutse ya ragu a samansa, don haka zobban ƙarya sukan kewaye dutsen daidai yadda na gaskiya za su yi. Kuskuren yana iya kai santimitoci da dama. Masani mai hankali ba ya yanke hukunci da hoto ɗaya. Yakan tara gommai ko ɗaruruwa, ya gyara su da bayanan hasashen yanayi, domin danshi yau yana nan gobe ya tafi, amma kumburin gaskiya yana nan daram yana ƙaruwa. Ta haka ake kai wa ga awon 'yan milimitoci a shekara. Maƙiyi na biyu ganye ne. Dabarar tana bukatar wuri ya mayar da igiya yau kamar yadda ya mayar jiya. Rufin kwano, titi, busasshen dutse, duk suna yin haka. Daji kuwa kullum cikin motsi yake, igiya mai santimita 5.6 tana tsayawa a kan ganye, hoton ya fito dishi-dishi babu zobe ko ɗaya. Birnin Goma da tsofaffin kwararar dutse suna fitowa tangaran, amma gangaren Nyiragongo da ke cikin dajin Virunga yakan ɓace.

Duk da haka, a Afirka wannan dabara ta buɗe abin da yake rufe. A duniya akwai duwatsu fiye da 1,300 da ake ganin suna iya aman wuta, kuma da yawansu babu ko na'ura ɗaya a kansu. A Satumban 2005, a yankin Afar na Habasha, wata tsaga mai tsawon kimanin kilomita 60 ta buɗe kusa da Dabbahu, faɗinta ya kai mita takwas a wasu wurare, cikin 'yan makonni. Radar tauraron Envisat ce ta auna ta. A Kenya, tsofaffin hotuna sun nuna dutsen Longonot ya ɗago da kimanin santimita 9 tsakanin 2004 da 2006, Paka kuma da kimanin 21 tsakanin 2006 da 2007. Duwatsu ne da ake yi wa kallon masu barci.

Bayanan Sentinel-1 kyauta ne ga kowa, kuma wannan babban alheri ne da ya kamata a yaba. Amma kyautar hoto ba ita ce kyautar gargaɗi ba. Hoto guda yana da nauyin gigabayit da dama, saukar da shi sai da intanet mai ƙarfi, sarrafa shi sai da lantarki da kwamfuta, fassara shi kuma sai da mutumin da ya yi shekaru yana koyo, wanda ake biyansa albashi a kan kari. Har yanzu yawancin wannan aiki a kan duwatsun Afirka a jami'o'in Turai da Amurka ake yin sa, kuma wannan yana damuna. Masanin da ke nesa yana iya ƙirga zobba, amma wanda zai shiga ofishin gwamna da tsakar dare, ya yi wa masu unguwanni bayani da harshensu, ya san wace hanya ce za ta ɗauki jama'a, dole ɗan wurin ne. A Goma ma'aikatan cibiyar suna aiki ne a yankin da yaƙi ya daɗe yana ci, inda hawa dutse don gyara na'ura kasada ce da rai, inda a Janairun 2025 mayaƙan M23 suka karɓe birnin kansa. A irin wannan hali tauraro yana da wata fa'ida da na'urar ƙasa ba ta da ita: ba a sace shi, ba a tare masa hanya. Amma shi ma yana lalacewa. Sentinel-1B ya daina aiki a Disamban 2021, tazarar leƙowa ta koma kwana goma sha biyu, wasu yankunan ma suka rasa hotuna, har aka harba Sentinel-1C a Disamban 2024.

Matsalar ganye tana da magani, wato igiya mai tsawo. Tauraron ALOS-2 na Japan, wanda aka harba a 2014, yana amfani da igiya mai kimanin santimita 24, wadda ke ratsa ganye ta kai ga rassa da ƙasa. A ƙarshen Yulin 2025 Amurka da Indiya suka harba NISAR, mai irin wannan doguwar igiya, wanda aka tsara ya riƙa dawowa duk kwana goma sha biyu, bayanansa kuma a buɗe ga kowa. Wannan ya shafi Kamaru kai tsaye. Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma a 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar bakin teku a yammacin Limbe. Garin Buea a jikinsa yake. Gangarensa na yamma, wajen Debundscha, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya, kimanin milimita 10,000 a shekara, ga daji mai duhu. Maƙiyan rada biyu sun haɗu a wuri ɗaya ke nan. Doguwar igiya za ta rage matsalar dajin, amma ta danshin tana nan, don haka a can ma sai an haɗa hotunan sama da na'urorin GPS da na jin girgiza da aka kafa a jikin dutsen kafin a iya cewa ga abin da ke motsi a ƙarƙashin Buea.